Wurare Bakwai na Orvel

Shekara talatin da ɗaya ina shiga jirgin ruwan Orvel Pruitt, kuma shekara talatin da ɗaya yana sa ni rufe fuska da hula. Mijin yayata Verna ne. Makanikin motocin makaranta ne a nan arewacin Alabama har ya yi ritaya, kuma mutum ne mai kyauta, rigar jikinsa ma zai iya tuɓewa ya ba ka. Amma ka tambaye shi inda yake kama kifin bas a tafkinmu, nan take zai zama kurma.

Duk watan Janairu yana bin unguwa da a-kori-kurarsa yana kwashe itatuwan Kirsimeti da aka zubar. Ya ɗaure wa kowanne bulo, ya kai tafki, ya nutsar. Wurare bakwai gare shi. Da kaka ta kama, ruwa ya fara sanyi, sai ƙananan kifaye su taru a cikin rassan, manyan bas su biyo su. Kowa a nan yana yin haka, sai dai kowa yana da na'urar da ke riƙe masa wuri. Orvel ya ce shi bai yarda da na'ura ba, wai tana da baki. Da ido yake aiki: ya daidaita abu biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan, inda layukan suka haɗu nan ne wurin. Kafin ya fara kuwa sai ya ce, "Hoyt, hula." Ni da furfurata da jikoki huɗu, in ja hula in rufe ido, ya yi ta kewaye da ni har kaina ya juya.

Na sha ce masa, "Haba Yaya, ni fa ƙanen matarka ne."

"Shi ya sa," in ji shi. "Na san bakin gidanku."

To bana ido ya ci amanarsa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, tsakiyar ganin ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. A watan Satumba ya fita shi kaɗai ya ɗora jirgi a kan kututture, sai janyo shi aka yi. Ranar Lahadi muna cin abinci Verna ta kafa doka: ko dai ni in riƙa tuƙi, ko a sayar da jirgin kafin Kirsimeti. Duk mun san abin da hakan ke nufi. Mai tuƙi dole ya san alamomi.

"Idona ƙalau," in ji Orvel, yana hararata, amma gefen kunnena yake kallo.

Asabar ɗin ƙarshen Oktoba muka fita. Verna ta damƙa mini makulli a hannu, ta ce in na dawo na ce shi ya tuƙa, zancen jirgi ya ƙare. Ko gama tura jirgi cikin ruwa ban yi ba ya fizge makullin.

"Kawo nan. In fitar da mu daga mashiga kawai."

Na san ƙarya ce, amma na ƙyale shi. An rage ruwan tafki kamar yadda ake yi duk kaka, kututture sun yi kusa da sama ko'ina. Ganyaye sun yi ja a gaɓa, tsuntsaye na ta faɗawa ruwa inda ƙananan kifaye ke tsalle. Ranar kamu ce sosai, wallahi. Muna barin mashiga sai na ji, "Hoyt, hula."

"Yau babu hula. Ni ne idon jirgin nan."

"To juya baya."

Kuma na juya! Har yanzu ina jin haushin kaina. Awa biyu muna zagaye. Ya tsaya, mu jefa fatsa, shiru. Ya matsa, mu jefa, shiru. Wasu jiragen suna can suna ta ɗaga kifi muna jin ihunsu. Da farko ya ce surutuna ne ke korar kifi, ni da ban buɗe baki ba. Sai ya ce ƙamshin sabuluna ne. Daga nan ya laluba jakar abincina ya ci karo da ayaba.

"Ayaba! A jirgina! Ashe kai ne ka ɗauko mana rashin sa'a!"

Ya wurga ta ruwa. Verna ce ma ta saka mini ita, amma ban faɗa ba.

Ya sake taka inji da ƙarfi, sai ji kake ƙirrr, ƙasan jirgi ya gogi kututture. Kofina ya kife mini a cinya, da zafinsa. Nan fa haƙurina ya ƙare.

"Kai tsoho, ka kashe injin nan! Me kake ɓoyewa ne? Zinariya? Ruɓaɓɓun itatuwan mutane ne da bulo! Ka kashe mu a kan itacen Kirsimeti? To ka ji, zan faɗa wa Verna gaskiya, a sayar da jirgin, ka zauna a baranda kai da asirinka!"

Ya kashe inji. Na zaci zai rama, don Orvel ba ya barin bashin magana. Sai kawai ya riƙe sitiyari. Can ya ce, "Tankin ruwan garin yana nan?"

"Ga shi can, fari fat."

"Ni ba na ganinsa. Tun bara ba na ganinsa."

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba wannan karon. Kunya ta kama ni. Shekara guda ke nan mutumin nan yana zagaye tafki yana neman wuraren da ya gina da hannunsa, bai gaya wa kowa ba.

Ya tashi daga kujerar tuƙi da lalube, ya ce in zauna. Sannan ya kawo bakinsa kunnena. A tsakiyar tafki fa, ba kowa kusa da mu sai tsuntsaye, amma raɗa ya yi. In sa tsinin coci ya rufe ƙafar tankin ruwa. A ɗaya gaɓar kuma in sa busasshen itacen nan dogo ya raba jan rufin rumbu gida biyu. Ya sa na rantse da kabarin mahaifiyarmu. Minti goma bai cika ba muka tsaya a kai.

Nan kam ba ya buƙatar ido. Ya jefa kifin robarsa, ya ɗora yatsa a kan zare, ya bari ya nutse har ya taɓa rassa. Jifa na uku sanda ta lanƙwashe. Ya sha fama kafin ya jawo shi, ƙaton bas mai faɗin baki. Ya kama leɓensa na ƙasa, ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, yana dariya kamar an ba yaro alewa. Sannan ya sunkuya ya sake shi, don Orvel bai taɓa kai bas tukunya ba. Sha ɗaya muka kama a wurin kafin rana ta yi tsaka.

A hanyar komawa ni ke tuƙi, yana gefena yana cin burodina, yana ce mini na cika gudu. Na ga ransa ya yi fari, sai na ce bari in gwada.

"To Yaya, sauran shidan fa?"

"Ɗaya duk shekara."

"Kai! Shekararka saba'in da huɗu fa! Wannan wane irin taurin kai ne?"

Bai juyo ba. Ya ci gaba da kallon gaɓar da ba ya gani, ya ce, "In na faɗa maka duka yau, wa zai zo ya ɗauke ni baɗi?"

Na rage gudu, tunda ya ce na cika gudu. Da muka isa gida Verna ta tambaya wa ya tuƙa, na ce ni, kuma Asabar mai zuwa ƙarfe shida zan zo ɗaukarsa.