Wa Ya Yanka Zakaran Inna

A garinmu mace ba ta yanka. Ko da ita ta sa kaza ta kwanta kan ƙwai, ita ta yi ta korar shirwa har ɗan tsako ya zama zakara, ranar da za a ci shi sai ta nemi namiji ya sa masa wuƙa. Mu kuwa a gidanmu, tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, namijin ni ne. Ƙauyenmu na nan bayan Mairuwa, a ƙasar Faskari. Ban daɗe da balaga ba Inna ta zaro wuƙar mahaifina daga jinkar ɗakinta ta damƙa mani. Ƙanen mahaifina, limamin garin, wanda muke kira Baba Liman, shi ya koya mani yadda ake yi: a ba zakara ruwa ya sha, a tona ɗan rami don jini, a take fukafukai da ƙafafu, a fuskanci gabas, a ambaci sunan Allah, sannan a ja wuƙa ba tare da an ɗaga hannu ba.

Na tafi makarantar kwana, na wuce jami'a a Zariya na karanta kimiyya, amma wannan al'ada ba ta canja ba. Duk ranar da na dawo gida, kafin in gama shan ruwan maraba Inna ta riga ta ritsa zakara a bayan rumbu. Ta miƙo mani shi da wuƙar, ta koma ta ɗora ruwan zafi. Inna ba mai yawan magana ba ce, ba za ta taɓa ce maka ta yi kewarka ba. Zakaran nan shi ne maganar.

Na gama karatu daidai lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa. Ko'ina ana gina makaranta, ana shimfiɗa kwalta, samarin ƙauye sun watse zuwa Kaduna leburanci. Aka tura ni wata sabuwar sakandare a Ƙanƙara in koyar da kimiyya, na sayi babur, duk ƙarshen wata ina gida. Na tuna ranar da na ba Inna labarin kajin Turai da ake shigowa da su a daskare, an fige su tas, ana sayarwa a manyan kantuna. Na zaci za ta yi mamakin yadda nama ke ƙetare teku bai ruɓe ba. Ina! Tambaya ɗaya ta yi mani: wa ya yanka? Na ce ban sani ba. Ta taɓe baki ta ce to su ci abinsu.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, ni tun a Zariya na ajiye sallah. Daga baya an yi ta yaɗawa wai wani Bature ne ya hure mani kunne. Ƙarya ce, babu wanda ya zaunar da ni. A ɗakin gwaji aka koya mani kada in yarda da abu sai na auna, ni kuma mutum ne da ba ya iya riƙe abu rabi-rabi, sai na kwashi ma'aunin na kai shi ko'ina. Na wayi gari in na ɗaga hannu na yi kabbara sai in ji kamar ina kira cikin rijiyar da ta ƙafe. Ban ji daɗin haka ba, kada wani ya ɗauka murna na yi. In na zo gida nakan bi sahu don kada a yi magana, in yanka zakara bakina na faɗin abin da ya saba, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin mai cin naman ba.

Tsawa ce ta tona ni. Wata damina aradu ta faɗa wa wani maƙwabcinmu a gona, ya fake gindin rimi da garma a kafaɗa. Na zo ta'aziyya na tarar a wajen zaman makoki ana ta ƙus-ƙus, wai ya taɓa rantsuwa kan iyakar gona, ga shi rantsuwar ta ci shi. Mutumin nan ya goya ni ina yaro, 'ya'yansa na zaune suna ji. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce wannan zancen banza ne, tsawa dogon itace take nema da ƙarfe, ko waliyyi ne ya tsaya gindin rimin nan da garma abin da zai same shi ke nan.

Baba Liman bai musa mani ba, wannan dole in faɗa. Ya tsawata wa masu gulmar, ya ce su ji tsoron Allah su bar mamaci ya kwanta. Sannan ya juyo ya ce na yi gaskiya, itace da ƙarfe sababi ne, amma in gaya masa wa ya kai mutumin gindin wannan rimi a wannan sa'a, alhali ɗansa da suke noma tare ya ruga gida. Da na yi shiru da shi ke nan. To ni bakina ba ya da linzami in zuciya ta hau. Na ce babu wanda ya kai shi, ruwa ya kore shi, kuma ni na duba iyakar dubawata ban ga kowa a bayan girgijen nan ba. Baba Liman ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni a hankali ko in ina can wurin aikina ina sallah. Na ce ba na yi.

Ba a kore ni ba, ba wanda ya jefe ni. Mutanenmu ba haka suke yi ba. Gaisuwa ce dai ta gajarce, tabarma ta riƙa yin faɗi a inda na zauna. Wani gida a Faskari da aka fara maganar aure da 'yarsu suka aiko cewa yarinya ba ta gama girma ba tukuna.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru ƙarshen watan da ya biyo. Na iso gida, Inna ta yi mani maraba yadda ta saba, ta kawo ruwa, ta shiga bayan rumbu ta kamo zakara. Na miƙe ina naɗe hannun riga. Sai ta wuce ni, ta je bakin danga ta ƙwala wa wani dattijon maƙwabcinmu kira, ta miƙa masa zakaran ta saman danga. Na tsaya tsakar gida da hannun riga a naɗe kamar wani wawa.

Da aka kawo tuwo na kasa haƙuri. Na shiga yi mata bayani, wai jijiya ce ake yankewa jini ya fita, ko an yi magana ko ba a yi ba naman ɗaya ne, in an kai ɗakin gwaji babu na'urar da za ta bambanta. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ta ce: "Ni ba ni da karatun yin gardama da kai. Amma cikin wanga nawa ne, ni na san abin da zan sa mashi. Ci tuwonka, zai huce."

Na ci. Naman ya yi daɗi, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi kaɗaici a rayuwata. A makarantarmu ta Ƙanƙara kowa na da ranarsa. Juma'a in an tashi, malamai da ɗalibai su yi wanka su ɗunguma masallaci, harabar ta zama wayam, sai ni da awaki. Lahadi malaman da suka zo daga kudu su taru a aji guda suna waƙa. Har wani malamin lissafi Ba'indiye yana da ɗan lungunsa a ɗaki da yake kunna turare. Ni kaɗai ne ba ni da rana. In zauna bakin ƙofa da rediyo ina murɗawa, ina da hujjoji cike da kai, babu ko mutum ɗaya da zan gaya wa. Kuma ban fasa zuwa gida ba. Duk wata sai na je, duk wata sai zakara ya ƙetare danga a gabana. Na daina naɗe hannun riga, amma ban daina jin abin a ƙirji ba.

Da kaka ta wata shekara ciwo ya kama Inna. Na kai ta asibiti a Funtuwa, aka yi mata allurai, aka ba ta ƙwayoyi. Ita ba ta ga wata gardama a nan ba, da ruwan rubutun Baba Liman take haɗiye ƙwayar likita. Aka sallamo ta ta dawo gida, jiki ya ƙi. Yayata ta zo daga 'Yargoje inda take aure don ta yi jinya.

Wata rana da hantsi Inna ta ce romo take sha'awa, bayan ta daɗe ba ta nemi komai ba. Dattijon bayan danga ya riga ya rasu, maza duk suna gonar auduga. Ta sa yayata ta zaro wuƙar daga jinka, ta karɓa ta miƙo mani. Ta ce jan zakaran nan mai dogon zanko, shi take so. Ba ta ma dube ni ba.

Na kama zakaran na zagaya da shi bayan ɗaki. Na ba shi ruwa, na tona rami, na take shi, na fuskanci gabas. Kalmomin na nan a bakina, ba su je ko'ina ba. Babu mai kallo na. Kuma har a lokacin na yarda babu na'urar da za ta bambanta naman. Amma ba na'ura za ta sha romon nan ba, Inna ce, matar da ta yi shekaru tana miƙa zakara ta saman danga don kada ta ci abin da take ganin mushe ne. Na tsaya a duƙe har bayana ya ƙage. Na laluba cikin zuciyata ko zan sami wani abu, ko kaɗan ne, da zan ɗora kalmomin a kai. Ban samu ba. Na ɗaga ƙafata.

Ta wata kafar danga na fice don kada su gan ni. Na bi gari lungu-lungu da zakara a hammata, malamin kimiyya guda, ina sallama ƙofa-ƙofa ina neman namiji. Mata ke amsawa daga ciki, ba kowa. Rana ta take sosai lokacin da na isa gonar Baba Liman, na same shi yana cirar auduga. Rabon da mu yi maganar da ta wuce gaisuwa tun ranar makokin nan. Ya dubi zakaran, ya dubi wuƙar yayansa a hannuna, ya tambaye ni ko ita ta ba ni. Na ce ita. Ya ce to me ya hana ni, ai ba wanda zai sani. Na ce ita za ta ci. Ya goge hannu a riga, ya karɓa ya yanka. Da yake miƙo mani ya ce mutumin da ba ya jin tsoron kowa ba ya yin wannan tafiya cikin rana. Na ce kada ya ɗora mani abin da ban ce ba, uwata nake ji, ita kaɗai. Ya ce ya ji, in gaishe ta.

Yayata ta fige, ta dafa da daddawa da masoro da citta. Muka tayar da Inna muka jingina ta da bango. Ta kurɓa, ta ƙara kurɓa, fuskarta ta saki irin yadda na daɗe ban gani ba. Sai ta ɗago ta ce: "Kai ka yanka?"

Yayata ta danna mani yatsa a cinya har sai da na ji zafi. Na ce: "Baba Liman ne, Inna. Gona na kai mashi."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Can ta ce: "Da ka ce mani kai ne, da na yarda."

Na ce na sani. Ta sunkuya ta shanye romon duka, a hankali, ba ta bar ko ɗigo ba. Da na tashi zan mayar da wuƙar cikin jinka ta ce a'a, in tafi da ita, ta ubana ce, wata rana zan nema. Yayata ta bi ni har bakin babur tana kuka tana zagi na, wai kalma ɗaya tak ta gagare ni saboda taurin kai. Har ta tsufa ba ta bar wannan magana ba, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri a kai ba. Inna ba ta ga damina ta gaba ba.

Daga baya aka mayar da ni garin Sabuwa. A can na yi aure, kuma a can, bayan shekaru masu yawa, na koma sallah. Masu son labari mai daɗi sun so in ce wani malami ne ya kayar da ni a gardama. Babu wanda ya kayar da ni, har na bar aiki ina koya wa yara cewa tsawa dogon itace take nema da ƙarfe, kuma in an yi hadari su yar da garma. Abin dai ya dawo ne a hankali yadda ya tafi, ban kuma iya auna shi ba.

Ranar da na tabbata, na sayo jan zakara a kasuwa, na ciro wuƙar daga ƙasan akwati na wasa ta. Na ba shi ruwa, na tona rami, na fuskanci gabas, na faɗi kalmomin da zuciya ɗaya. Matata ta dafa yadda na ce, da daddawa da masoro da citta. Na ɗebi romon a ƙaramin kwano na rufe da faifai, na miƙe da shi da sauri. Sai da na kai tsakiyar gida na tsaya, na rasa inda zan kai shi.