Sahabi Bai Je Sayen Gumaka Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi, in dai ƙirgen Yohanna daidai ne. Mu ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Yohanna, mai ɗaukar hoton da aka kama su tare, shi ya dawo ya ce mana abin ya faru ne tsakiyar damina, a wani daji gabas da mu inda 'yan bindiga suka kori mutane daga garuruwansu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gidana na unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, a yi addu'a, a raba masa, kowa ya watse. Bana na ce addu'a kaɗai ba ta ishe ni ba. Akwai abin da ake faɗa a kan ƙanena daga Birnin Kebbi har Argungu wanda ƙarya ne, na kuma san ƙarya ne tun ranar farko, amma na kama bakina.

Cewa ake yi wai ba aikin jarida ya kai Sahabi daji ba, sayen gumaka ya je, cinikin ya ɓaci, suka riƙe shi. Gumakan da ake nufi su ne kawunan yumɓun nan na mutanen da, waɗanda manomi kan ci karo da su idan yana huɗa a tsohon kufai. Haba jama'a! Sahabi da ciniki? Mutumin da ko kifi bai iya tayawa ba. In ka aike shi kasuwar Argungu sai ya dawo da ragowar da masunta suka rasa mai saye, yana murna wai an yi masa ragi. Abin da ya iya shi ne tambaya. Tun yana yaro innarmu ke cewa bakinsa ba shi da ƙyaure, kuma da wannan bakin ya ci abinci shekara da shekaru a wani gidan rediyo na garin nan.

Maganar ta faro ne a tasha, lokacin kakar albasa. Ana loda wata babbar mota mai ƙetare iyaka, buhu ya yage, sai ga kan mutum na yumɓu ya gangaro cikin albasa, da kitsonsa da gemunsa. Nan da nan aka tura shi ƙarƙashin tabarma. Sahabi yana wurin, ya gani. Wata biyu yana bin zancen har ya gano yadda abin yake: 'yan bindiga su tashi gari, mutane su gudu, sai masu haƙa su shigo da izininsu, su bi kufai da tsofaffin makabartu suna tonewa, a ba masu dajin kasonsu. Ya zo mini ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, sun kore masu rai, yanzu kuma sun koma kan waɗanda sunka riga mu." Ni malamin makaranta ne mai ritaya, na ce masa ya bar tukwane su ji da kansu. Bai ji ba, da ma bai taɓa jin maganata ba.

Yanzu ga abin da na gani da idona. Wata rana bayan la'asar editansu ya zo ƙofar gidana. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Abokin Sahabi ne tun firamare, shi ne babban abokin ango ranar da aka kawo Kulu, matar Sahabi, kuma 'yar gwaggonmu yake aure. A kan tabarmata suka zauna shi da Sahabi, ni na dama musu fura. Shi ya ce Sahabi ya tafi ya gano ramukan da idonsa, ya ɗauko muryar mutanen da aka kora. Shi ya ce kada a rubuta komai a ofis, domin dillalan gumakan suna da kunne ko'ina. Ya ce Sahabi ya cike takardar hutu, ya bar katin shaidarsa na aiki a gida kada masu haƙa su laluba aljihunsa su gani. Sahabi ya tambaye shi, in wani abu ya faru fa? Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni nan na ishe ka." Suka yi musabaha, shi ke nan. Haka muke aikinmu a nan, mutum ya ba ka baki a gaban yayanka, neman takarda kuma ai cin fuska ne.

Kwana uku da shigar Sahabi da Yohanna dajin aka kama su. Sauran labarin daga bakin Yohanna na ji, a ɗakinsa na unguwar Gesse, ƙafafunsa duk sawun mari. Yohanna mutumin Filato ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a garin nan, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya ce shugaban 'yan bindigar ya duba kyamara, ya ga hotunan ramuka da hanyoyi, ya ce su 'yan leƙen asirin soja ne. Sahabi ya ce shi ɗan jarida ne. Ina shaida? Babu kati. Sai Sahabi ya ce a kira editansa, ya karanto lambar da ka, har yana murmushi don ya tabbata an gama. Aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Editan ya saurara, sannan ya ce, "Wanga mutum hutu shikai. Ba mu munka aike shi ba." Ya kashe waya.

Yohanna ya ce ko da aka fara dukansu Sahabi bai yi kuka ba, tambaya ɗaya yake ta maimaitawa, ko lambar ce ya ɓata. Daga ranar aka sa su a mari. Wata huɗu suna kwana a ƙasa, ruwa ya sauka, zazzaɓi ya kama Sahabi, babu ko ƙwayar magani. Mun sayar da fadamarmu ta Gulma don mu fanshe shi, kafin mai shiga tsakani ya isa Sahabi ya riga ya cika. Yohanna danginsa da mutanen cocinsu suka fito da shi.

Zan yi wa editan adalci. Mai yiwuwa tsoro ne ya kama shi a ranar, wayar 'yan bindiga ba abin wasa ba ce, ni ma ban san abin da bakina zai furta ba. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na yafe. Amma bayan kwana biyu gidan rediyon ya ba da sanarwa cewa wani ma'aikacinsu da ke hutu ya ɓace a wata tafiya ta ƙashin kansa. Daga wannan sanarwar ƙaryar ta samo ƙafa. Mutane suka zauna suka haɗa: mutum yana hutu, ya bar katinsa a gida, ya shiga inda ake tonon gumaka, me ya kai shi? Kulu ta daina zuwa biki saboda kallo. 'Yarsu Balkisu, lokacin tana aji ɗaya a sakandare, aka laƙaba mata 'yar mai gumaka. Yohanna ya faɗi gaskiya ga duk wanda ya tsaya saurare, aka ce ai tare suka je, me kake so ya ce?

Ni kuma da nake da shaida, ina nake? Ranar sadakar uku dattawanmu suka ja ni gefe suka ce in bar wa Allah, akwai aure tsakani, kada a raba zumunci. Editan yana sahun gaba a ranar, har da hawaye. Sau uku ina zuwa gidansa a shekarun nan in roƙe shi ya fito ya faɗi kalma ɗaya. Kullum sai ya ce, "Malam, a ƙara haƙuri, lokaci bai yi ba." Zuwa na uku ya sa aka ɗora mini buhun shinkafa a bayan babur, wai na marayu. Na karɓa. Wannan karɓar tana ci na har yau, ina jin kunyarta fiye da komai a rayuwata.

Nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce in ya leƙo yau. Rahoton da ya mutu a kansa ba a taɓa sa shi ba. Garuruwan da ya je wasu har yanzu kango ne, waɗanda suka koma gida kuma sun tarar da gonakinsu rami a kan rami. Wani tsohon ɗalibina ya nuna mini irin kawunan nan a waya, an wanke su tas, an haska musu fitila a wani shago na ƙasar waje, babu sunan gari, babu na kufai. Yaran da ke aikin jarida yanzu suna shiga wurare masu haɗari da waya ɗaya a hannu, kuma in ka bincika da yawansu da baki aka aike su. Ina jin da zai yi tsaki, ya gyara hula, ya fara tambayar wa ya sayar, wa ya saya. Abin da ban sani ba shi ne ko zai iya kallon abokinsa, wanda yanzu shi ake gayyata taro ya yi wa matasa jawabi a kan jaruntar ɗan jarida.

To me ya rage na Sahabi? Kyamara ta tafi, fadama ta tafi, kabari ba mu san inda yake ba. Sunansa ne kawai ya rage, shi ma an bar wa 'yarsa shi da datti.

Makon jiya Balkisu ta zo da takardar shiga jami'a in taya ta cikewa. Muka zo gurbin da ake rubuta sana'ar mahaifi, sai na ga ta rubuta manomi. Na ce mene ne haka? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Bappa, in na sa ɗan jarida anka tambaye ni, wa za ya shaida?" Yarinya ta yi shekara shida tana ɗauke da abin da ni na ajiye don kada a ga baƙina a dangi.

Saboda haka ga shaida, a rubuce, inda kowa zai karanta. An aiki Sahabi. A ƙofar gidana aka aike shi, ina zaune, na ji da kunnena, kuma a shirye nake in dafa Alƙur'ani a gaban duk wanda ya so. Dattawan da suka ce in yi shiru su yi haƙuri, zumuncin da za a riƙe da mutuncin marainiya ni na sake shi. Kai kuma abokin ango, ba na neman komai a hannunka, buhunka ma na auna wani na aika maka jiya. Balkisu ta goge manomi ta rubuta ɗan jarida, ni na riƙe mata takardar.