Shinkafar Kirsimeti a Tsakiyar Azumi

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shige mini, amma ba zan taɓa manta ƙarfe ɗaya saura kwata na ranar Kirsimetin shekarar da soja suka miƙa mulki ba. A daidai wannan lokacin na ga 'yar baffana ta ɗauki kular shinkafa ta nufi ƙofa. Na san kuskure za ta yi. Na mai da idona kan littafin da nake karantawa.

Mu kaɗai ne Kiristoci a lungunmu na Dukawuya. Baba ma'aikacin asibiti ne, muna haya a ɗan gidan wata Hajiya 'yar asalin Barno, ita kuma tana babban gidan da ke bakin lungu. Coci sai mun fita Sabon Gari. Da yake ba mu da dangi a kusa, Baba ya kafa mana tamu al'adar. Ran Kirsimeti da safe zai karanta mana labarin haihuwar Yesu, sannan ya raba mana gidajen maƙwabta, kowane yaro gida ɗaya. Za ka durƙusa ka yi wa gidan addu'a, ka ambaci mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, in an sauke abinci kuma ka kai musu da hannunka. Yakan ce kada mu kai wa mutum abinci ba mu fara kai sunansa gaban Allah ba.

Gidan Hajiya nawa ne tun ina aji biyu. Sunayen mutanen gidan suna rubuce a bayan littafina, duk jaririn da aka haifa sai na ƙara shi. Ni da ba na iya haɗa ido da mutane, a ɗakin Hajiya kaɗai bakina ke buɗewa. "Malama" take ce mini, ta turara mini kaya in dawo gida ina ƙamshi.

Da daminar shekarar mahaifiyar 'yar baffana ta rasu, baffan nawa kuwa ya riga ya rasu, aka kawo ta wurinmu daga wani ƙauye a kudancin Kaduna. Sa'ata ce. Aka haɗa mu katifa ɗaya, na haƙura. Mama ta ɗinka mana atamfa iri ɗaya, na haƙura. Amma da Baba ya rufe Littafi Mai Tsarki ya dube ta ya ce, "Ke bana gidan Hajiya," sai kishi ya kama ni. Ni aka ba ni gidan tela. Ta durƙusa tana lalube, "Allah ka albarkaci Hajiya da... da mutanenta." Mutanenta. Ni ina da suna goma sha ɗaya a ka.

Kirsimetin ya faɗo cikin watan azumi. Da muka dawo daga sujada a coci, Mama ta zuba na maƙwabta a kuloli, ta kira ni madafa. "Sai dab da magariba za a kai. Ki gaya wa 'yar'uwarki, ita ba ta saba ba." Suka fita duba mara lafiya ita da Baba. Ban gaya mata ba. Yau ina iya faɗa ba kwana-kwana: so nake ta ji kunya, a gane cewa gidan nan ba kowa ke iya masa ba.

Da ta fita da kular, ba ta yi minti goma ba ta dawo, kular tana hannunta, an buɗe an rufe a karkace. Babban ɗan Hajiya ta tarar a zaure da baƙinsa malamai, ta buɗe musu kula don su ga har da kaza. Ya ce mata, "Ke yarinya, tsokana ce ko rashin sani?" Yaran lungu suka rako ta suna tambayar ko a garinsu rana ba ta faɗuwa. Ta ajiye kular, ta cire sabon ɗankwalinta ta ninke, ta ce a hankali, "Ni gida zan koma." Sai ta tuna ba kowa a can gidan nasu. Daɗin da na yi tsammani bai zo ba.

Da su Baba suka dawo suka ji, Mama ta dube ni ta daɗe. Baba bai yi faɗa ba. Da la'asar ta yi sanyi ya ce, "Ku tashi ku kai, ku biyu."

Hajiya tana kan darduma, dabino a gabanta. Ta jawo 'yar baffana ta zaunar kusa da ita. "Rabu da wancan, yunwa ce ke masa magana. In ya sha ruwa shi zai fara miƙo faranti." Ta tura ta ciki ta gaishe da matan gidan, muka saura mu biyu.

A ranar na fara gane cewa addu'ar da nake alfahari da ita jerin sunaye ce kawai, tunda wadda muke kwana katifa ɗaya ba ta ciki. Amma a lokacin kishin bai gama sakina ba. Ina wasa da gefen tabarma na ce, "Hajiya, laifi na yi aka karɓe mini gidanki?"

Ta ce, "Ni na roƙi babanki, Malama. Wata biyar yarinyar nan tana wucewa ta ƙofata, ban ji wanda ya kira sunanta ba. Ke ko da kula ko ba kula, gidan nan naki ne. Ita nake so ta samu inda za ta shiga ba a ce wace ce ba. Na kuma ce masa kada ya damu, ai ke za ki riƙo hannunta ki kawo ta."