Matakala Ukun Abdu Magini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Abdu Magini, taubashina, kuma gara in faɗa da bakina tun ba a faɗa mini ba: wawan labarin nan ni ne, Ila, mai ilimin aji uku.

Abdu a gindin duwatsun Abzin ya girma. Da ya zo nan garin Sabha, a tsakiyar Sahara, wani Balarabe a unguwar Mahdiya ya ba shi ginin ɗakunan haya. Sai mutumina ya ɗaga harsashi har sai an taka matakala uku kafin a shiga, ya kuma kafa indararo a kan soro. Indararo fa, jama'a, a garin da laima ba ta san aikin komai ba sai rana! Nan take na naɗa shi Sarkin Ruwan Sahara. Da ya kama ɗaki ɗaya ya zauna da iyalinsa, kullum na je gaisuwa sai na dafe gwiwa a ƙofa ina nishi, ina kiran a kawo mini tsani.

Shi bai cika dariya ba. Yakan ce a ƙuruciyarsa ruwan dutse a hankali yake sauka, ƙorama ta kawo, lambu ya sha. Daga baya sai a yi shekaru shiru, rana ɗaya kuma na shekara guda ya zubo tsakanin azahar da la'asar, dutse ba ya shanyewa, sai ya turo shi kwari ya tafi da rijiya da dabino. Haka ya rasa lambun ubansa. Ya ce zafi ne ya ƙaru, sama take tara ruwa fiye da da, kuma abin da ya fara a dutse zai biyo mu har cikin rairayi. Na ce masa ya bar wa masu tabarau wannan karatun.

Yanzu masu tabaraun ne nake ji a rediyo suna faɗin maganarsa, sun sa mata suna sauyin yanayi. Da yana nan, na san ba zai yi gori ba. Kallona kawai zai yi ya ci gaba da jiƙa siminti, abin da ya fi gori zafi.

Ranar da ruwan ya iso mana, da yamma ne. Titi ya zama gulbi, katifata ta yi iyo, bangon maƙwabta ya zauna. Ɗakunan Abdu kuwa ruwa ya lashi matakala ta biyu ya tsaya. Gida huɗu muka fake a wurin Rabi, matar da ya bari, indararo na ta aikinsa a kanmu. Ban san gadon da ya wuce wannan ba. Allah ya jiƙan Abdu.

Da na ɗan bushe, na gyara murya na ce, "Rabi, ni dama tun can na san mijinki na da gaskiya, wasan taubasai ne kawai."

Ta ce, "Haka ne, Malam Ila. Ya gwiwar? Shekara goma tana ciwo a ƙofar nan, yau na ga tsalle ɗaya ka haye duka ukun."