Zunnuraini, Sun Tsare Maka Azuminka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, ashirin da uku ga Ramadan, gab da la'asar, Allah ya karɓi ran Zunnuraini ɗan dako a bakin iyakar Jibiya, buhun masara yashe a gefensa.

Zunnuraini, shekara goma sha ɗaya ke nan da ka zo mana daga Maraɗi. Ba ka yi boko ba, amma babu wanda ya kai ka sanin ciwon zafin rana. Bara da Abbas direba ya fara sambatu a layin motoci, mutane na cewa iskoki ne, kai ka taɓa wuyansa ka ce, "Jikinai kamar garwashi, kuma babu zuhwa. Ku kama mu kai shi inuwa." Ka cire masa riga, ka kwarara masa ruwa a ka da hammata, kana fifita da kwali har aka samu motar asibiti. Kullum kana gaya mana wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, a jiki ake zubawa. Abbas yana nan, har ya yi tumbi.

Da taka ta zo, sai ka faɗi a tsakiyar malamai. Ban san muna da masana haka a tasha ba sai ranar. Suka yi maka zobe, suka tare 'yar iskar da ke kaɗawa. Wani mai canjin sefa, wanda ko alwala bai iya ba, ya ɗaga hannu: "Kar a zuba mai ruwa! In ya shiga baki, azuminai ya karye." Wani ya ce saura awa uku a sha ruwa, a yi haƙuri. Sauran suna ɗaukarka da waya. Tir da wannan fatawa, yaushe addini ya hana ceton rai? Yanzu su ne a tabarmar gaba wurin zaman makoki, suna yaba maka kyakkyawan ƙarshe, wai ka cika da azumi a baki.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, Anas da Nafisa, da maiɗakinka Salmatu. Allah ya ba ku haƙuri.

Salmatu, an gaya miki kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Ga abin da ba a gaya miki ba: ina wurin. Zan yi alwala ke nan, da buta cike a hannuna, na san duk abin da mijinki ya koya mana, amma na ji tsoron bakinsu. Ki yafe mini, in za ki iya.