Kunun kanwa da kafso

Na yi jegon ɗan farina a Tajaye, a ɗakin goggona, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, ita kuma Goggo kullum tana bakin ƙofar da muciyarta. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Aikina wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa, safe da yamma.

Bayan suna nonona na hagu ya kumbura ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ni. Kawu ya ɗora ni a jaki zuwa asibitin Illela. Malamin asibitin ya ba ni kafso, rabi ja rabi rawaya, ya ja mini kunne: kada in haɗa shi da kanwa, ko nonon shanu, ko farin garin nan na ciwon ciki. Ya ce suna kama maganin tun a ciki su riƙe, ya fita bai shiga jini ba, kamar ban sha ba. Ni kaɗai na ji wannan magana, Kawu yana waje wajen jakinsa.

Kafson yana ƙona mini ciki. Da Goggo ta ga ina yamutsa fuska, sai ta ƙara jiƙa jar kanwa, ta tsaya a kaina in haɗiye maganin da ita. Na ce mata a hankali likita ya hana.

"Likita ya taɓa haihuwa?" in ji ta. "Kanwa ag gyaran ciki, ɗiyata. Shanye."

Abin da ya kamata in ce shi ne, idan maganin bai ci ba yaron zai rasa nono. Amma ɗan fari ne. A garinmu yarinya ba ta ambaton ɗan farinta, ko kallonsa ba ta yi a gaban manya, balle ta nuna damuwa da shi. Da na buɗe baki, da an yi ta labarin rashin kunyata har garin Badagishiri. Na so in ɓoye kafson in sha daga baya, to a ƙullin zanenta yake. Na ji haushinta ƙwarai, ina kuma ganin yadda take hana kanta barci saboda ni.

Haka maganin ya ƙare, kumburin bai sauka ba. Aka koma da ni Illela aka tsaga wurin. Zazzaɓin ya ƙafar da ɗaya nonon ma.

Matar Kawu tana goyo a lokacin, ita aka miƙa wa yaron ta shayar da shi. Ina kwance ina jin kukansa ta bayan danga, ina ji ya yi shiru. Ita ya tashi yana kira Inna. Ni kuwa har ya yi furfura Yaya yake ce mini.