Baba Kumai da Lilon Afiniki

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a zamanin da jirgin ƙasa ke da daraja ya san rumfar Baba Kumai mai faci, can bakin tashar mota, gefen masu doya. Kafin jirgin safe ya yi kuka ya riga ya iso a kan kekensa. Ya share gaban rumfa, ya cika rabin duron da yake nutsa tif a ciki don gano inda iska ke fita, ya jera guduma da liba da gwangwanin gam, sannan ya cire hula ya yi 'yar addu'arsa a tsaye. Daga nan sai aiki har rana ta faɗi. Motocin citta daga ƙauyuka, gingimarin 'yan doya, keken malamin makaranta, duk wurinsa suke ƙarewa. Yana aiki yana rera waƙar majami'a, kullum baiti ɗaya, kuma kullum a karkace, har direbobi suka haddace ta a karkacen.

Bana ya ajiye guduma. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Ranar Lahadi aka faɗa a majami'a, aka cusa maganar tsakanin batun gyaran rufi da taron zumuntar mata, aka ce amin aka wuce. Abin ya ƙona mini rai har na kasa cin abincin rana. Haba jama'a! Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a tsakaninmu, a sallame shi kamar ana cigiyar akuya? To ni Emilia, 'yar Andrawus na loko, ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Gidan haya ɗaya muka zauna da su Baba Kumai a shekarun saba'in. Babanmu yana aiki a loko, inda ake gyaran kan jirgi, mamanmu Regina tana toya ƙosai a ƙofar gida. Ƙanwata Afiniki tana cikin gudunta shan inna ya kama ta, ya tafi da ƙafar hagu gaba ɗaya, ya bar ta dama ba ƙarfi. Asibitin mishan suka ba ta sanduna biyu. Ranar farko da ta gwada su, hannuwanta suka kasa ɗaukarta, ta kife a kan dutsen wanki, leɓe ya fashe. Tun daga ranar ko kallon sandunan ba ta yi. Mama ta tura su ƙarƙashin gado, Afiniki kuma ta koma rarrafe daga ɗaki zuwa bakin ƙofa. Mu yara mu kwasa a guje mu tafi kallon jirgi, mu dawo mu same ta inda muka bar ta.

Babanmu ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa, amma in ya yanke magana ya yanke. Da aka fara raɗe-raɗin gwamnati za ta buɗe makaranta kyauta ga kowane yaro, ya zauna a kan benci ya ce, "Makaranta ba ta zuwa wurin mutum, Regina. Ni ina loko, ke kina gaban kasko. Wa zai riƙa goya ta safe da rana? In an ɗauki yara baɗi, sai in kai ta ƙauye, Madakiya, wurin Kaka ta zauna." Kakarmu mai ƙauna ce, amma ta tsufa, gidanta kuma can cikin gona yake. Kowa ya san in Afiniki ta tafi, ita da allo da alli sai dai labari. Baba Kumai yana bakin rijiya yana wanke hannu da toka, ya ji komai.

Ranar Asabar sai ga shi yana garo tsohuwar taya zuwa filin da ke bayan ɗakunanmu, inda ƙaton mangwaro yake. A biye da shi Malam Mijinyawa mai yanka takalmin taya a kasuwa, wanda tun fil azal duk tayar da ta mutu a rumfar Baba Kumai tasa ce. Yana tafe yana mita.

"Kumai, wannan tayar ƙafar mutum nawa za ta rufe, ka ce yara za su zauna a kai?"

"Malam, ƙafan mutane ba zai ƙare ba. Kawo igiya."

Ashe igiyar ma tana cikin buhun Malam Mijinyawa, sabuwa ful, mitar ta baki ce kawai. Baba Kumai ya wanke tayar da toka da soso har ta daina baƙanta hannu. Ya ƙona ƙarfe a murhun Mama ya huda ƙasanta don kada ruwan sama ya kwanta sauro su samu gida. Ya naɗa tsohon tif a jikin reshe yadda igiya ba za ta ci itacen ba. Ya ƙulla ƙulli-ƙulli a jikin igiyar, wurin kamawa. Da ya gama ya fara hawa da kansa, ƙaton mutum, ƙafafu a sama, matan gida suna ta shewa. Sai dai lilon ya yi ƙasa ƙwarai, tayar kusan tana shafar ciyawa, har manyan yara suka ce wannan na jarirai ne.

Sannan ya kafa doka. "Kowa zai hau. Amma kada wani ya ɗaga wani. Wanda yana so, ya hau da hannunsa."

Kwana da kwanaki Afiniki tana leƙe daga bakin ƙofa. Wata rana da hantsi, yara sun watse, ta rarrafo ta kama bakin tayar ta mirgina ciki. Na taho zan tura ta sai na ji tana dariya, irin dariyar da muka manta tana da ita. Mama ta bar ƙosai ya ƙone a kasko, tana tsaye tana share ido da bakin zane.

To, daga nan ne abin haushi ya fara. Lilon nan ya shiga hawa sama. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan ne, yadda sai bayan makonni za ka lura. Da mirginawa Afiniki take yi ta shiga, sai ya zama dole ta kama igiya ta ja jiki. Ta saba da wannan, sai kuma ya ƙara. Tafin hannunta ya yi kanta, gwiwar hannu duk ƙurji. Wata rana ta ja, ta ja, ta zame ta faɗi, ta fashe da kuka. Na zo zan ɗaga ta, Baba Kumai ya daka mini tsawa daga bakin rijiya, "Emilia! Bar shi!" Ranar na tsani mutumin nan, Allah na gani. Mama kuwa ta ɗaure zane ta nufe shi.

"Baban Leonard," haka take kiransa da sunan ɗansa na fari, "kai da kake ɗaure tayar gingimari, igiya ɗaya ta gagare ka? Kullum abin nan sai ƙara tsawo yake. Ka sauko mata da shi mana!"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Maman Emilia, ruwan sama ne. Igiya in ya sha ruwa yana ƙanƙancewa."

Gaskiya ne igiya takan yi haka, Mama ta haƙura. Amma damina ta wuce, aka yi Kirsimeti, ƙasa ta bushe ƙamas, lilo bai fasa hawa ba. Malam Mijinyawa ne ya fasa ƙwai. Ya tsaya sayen ƙosai wata safiya ya ce wa Mama, "Ni fa ban taɓa ganin ruwan sama mai gajeren wando ba. Duk Litinin in na fito daga masallaci sai in hango shi a kan mangwaronku yana naɗe igiya a reshe."

Tabɗijam! Ranar gidanmu ya ɗauki zafi. Mama ta bi shi har rumfa da ludayi a hannu, a gaban direbobi. "Ashe da gangan kake wahalar mini da yarinya? Abin da Allah ya ɗora mata bai isa ba? Me muka yi maka?" Ya bar ta ta zazzage duka. Sannan ya ajiye liba ya ce, "Maman Emilia, ƙafa ne ya mutu, hannu bai mutu ba. Sanda nan ya kayar da shi don hannu ba ƙarfi. In na ce masa ya yi motsa jiki, zai yi? Ba zai yi ba. Amma lilo, zai yi. Ki je ki taɓa damtsen yarinya nan, in ƙarya nake ki zo ki yanke igiyan."

Mama ta dawo gida. Ta kira Afiniki kamar za ta gyara mata kitso, ta riƙe damtsenta, ta daɗe tana riƙe da shi. Da yamma ta durƙusa ta jawo sandunan daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe musu yanar gizo.

Kai ne, Baba Kumai, ka yanka robar taya ka buga da ƙusa a gindin sandunan don kada su zame a laka. Kai ne ka jingina su a jikin mangwaro ka yi tafiyarka, ba ka roƙe ta ba, ba ka yi mata wa'azi ba. Sun yi kwanaki a jingine tana hararsu kafin ta ɗauka. Na bakin tasha, mai tayar da matacciyar taya, ka sha zagi a gaban direbobi ka haɗiye, don ka san inda ka dosa.

Ranar ɗaukar yara, a watan Satumba na saba'in da shida, gari ya cika maƙil da iyaye. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Afiniki ta sa rigarta ta Lahadi ta ɗauki sanduna. Babanmu yana sanye da kayan aiki, ya ce shi dai loko za shi, amma sai ga shi a bayanmu nesa-nesa, in mun tsaya ya tsaya. Ta huta a gindin bishiya, ta sake hutawa a bakin kwalbati, gumi ya jiƙa mata riga, amma ba wanda ya taɓa ta har ƙofar makaranta.

A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa. Yaro zai ɗaga hannu ya bi ta saman kansa ya kama kunnen ɗaya gefen. In ya kai, ya isa makaranta, in bai kai ba sai baɗi. Hedimasta, Malam Gilbert, ya gaji da layi, kansa a sunkuye yana ta faɗin, "Kama kunne. Na gaba. Kama kunne." Da aka zo kan Afiniki ya faɗa bai duba ba. Sai da ya ɗago ya ga sanduna a hammatarta biyu, ya rikice ya ce, "A'a, 'yata, bari, bari, ke kin wuce."

Afiniki ta ce, "Kowa ya kama, Malam."

Ta saki sandar dama, sandar ta faɗi cikin taɓo. Ta tattara nauyinta duka a kan hannun hagu, jijiyoyi sun fito. Ni numfashina ya ɗauke. Ta ɗaga na dama ta bi ta saman kai ta kama kunne, ta riƙe, ta ƙi saki har sai da ya rubuta sunanta. Wata mata a layi ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama.

Da na waiwaya, babanmu ya juya ya tafi. Direbobi ne suka ba mu sauran labarin. Wai ya je rumfar Baba Kumai ya tsaya. Sai ya karɓe famfon daga hannunsa ya shiga buga wa tayar gingimari iska, da kayan aikinsa na loko, hawaye na zuba, ya gama wannan ya jawo wata. Baba Kumai bai hana shi ba, ya ci gaba da facinsa. Maganar Madakiya ba a sake tayar da ita a gidanmu ba.

Afiniki ta yi karatu, ta koyar da yara a Sabon Tasha har ta yi ritaya, ta yi aure ta haifi nata. Zamani ya canja, jirgin ma ya daina kuka yadda muka san shi, amma har yau ba a rasa yaron da ke zaune a bakin ƙofa yana kallon 'yan uwansa suna gudu. Ku da kuke maƙwabtaka da irinsa, kada ku tsaya a "Allah sarki". Ku duba abin da ke hannunku, ko da abin yarwa ne, ku yi haƙurin shan zagi in ta kama. Kuma in hanya ta bi da ku Kafanchan, ku tsaya ku gaishe da tsohon nan tun yana ji da kunnensa.

Baba Kumai, 'yar Andrawus ce ke gaishe ka, a madadin kanta da ƙanwarta da ba a kai ƙauye ba. Mun gode, mun gode ƙwarai. Ubangiji ya ba gwiwarka sauƙi, ya sa ka ci gajiyar wahalarka, ya ba ka masu riƙe ka a tsufanka.